Awon Ƙafa

A ƙauyenmu da ke jingine da duwatsun Roni
kakana ya ƙera fartanya, ya ƙera lauje,
ya kuma ƙera abin da ba a bajewa ranar kasuwa.
Da dare ake zuwa nemansa, murya ƙasa-ƙasa,
da awon ƙafa a ɗan tsagin kaba.

Mari ke nan.
Na Baffa Nomau ya fi kowanne santsi,
don ɗan cikinsa ne.
Kwana biyu kaka na bin bakinsa da magagari
kada ya ci idon sawu.
Ya ci duk da haka.

Kaka ya ce gara turun gida:
a zamaninsu, wanda aka kai birni
bango ɗaya ke raba shi da fursuna,
ba likita, sai mai gadi da kulki,
kuma ba a cika ganin ƙeyar mai dawowa ba.

Damina goma sha ɗaya a gindin rumbu.
An yi hayaƙi har idonsa ya koma garwashi,
an yanka baƙin bunsuru, an karya tsumagiya,
wai ba shi ake duka ba, mai hawansa ake duka,
amma a bayansa tabon ya kwana.
Ni ke kai tuwo. Da kara nake tura akushin.
Shi kuwa ya san sunan kowa,
ya san zabuwar da ba ta dawo ba.

Ran nan Malama Lantana ta sauka daga babur,
jakar asibiti a kafaɗa, takalmi duk taɓo.
Ba ta nemi maigida ba tukuna.
Ta zauna a kan turun, ta ce,
«Malam Nomau, ina wuni?»
Ya waiga baya, yana neman wanda ake gaisarwa.

Ta ce cuta ce, 'yar'uwar hawan jini,
tana da suna, tana da magani a Kazaure.
Aka nemi makulli, tsatsa ta riga mu.
Kaka ya rasu, babana hannunsa ya ƙi,
ni na ɗora kurfi, na ɗaga masaba.
Bugu bakwai.

Wata shida yana tafiya da gajeren taku,
daidai tsawon sarƙar da babu ita.

Yanzu yana kiwon awaki, yana jayayya a kan farashin dusa.
Hannunsa na ɗan rawa, maganin ne,
ya ce ya yarda da wannan ciniki.
Katinsa na cikin leda, a ƙarƙashin hula.
Wani watan allura ta yanke,
wani watan kuɗin mota ya fi ƙarfin akuya.
Yara har yau sukan tsallaka hanya.

Jiya bayan lisha aka yi sallama a maƙera.
Wani dattijo daga ƙetaren rafi,
ido ya faɗa, kamar bai runtsa ba tun girbi,
ya miƙo mini tsagin kaba.
Ƙaramar ƙafa ce. Ta mace, ina jin.

Na ba shi ruwa. Na ce wutar ta mutu.
Na ce da asuba zan tayar da babur,
Baffa ya san ƙofar, shi zai yi mana jagora.
Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ya bar kabar a kan uwar maƙera.
An kira assalatu, ina zaune,
ina sauraron hanya.