'Yan Haya

Ƙanƙarar tabki ta fashe ranar Talata.
Ranar Asabar na zuba tarko shida a kwale-kwale
na tuƙa zuwa tsibirin da Baba Veikko ya kafa ɗakin katakonsa.
Wata bakwai ba ƙafar da ta taka.

Ƙofar ta kumbura, sai da na sa kafaɗa.
Wari ne ya fara yi mini maraba,
warin gidan da aka ci aka sha
ba da sanin mai shi ba.

Na bi lungu-lungu da tocila.
Kashin ɓera a teburi kamar an watsa baƙar shinkafa,
sabulu an gwaigwiye shi har tsakiya,
kyandir saura lagwani.
Rina ta soma ginin bana a ƙarƙashin rufi,
bai kai ƙwan tantabara ba. Na kakkaɓe, ko a jikina.
Manyan tururuwa sun zubo garin katako a gindin taga,
wannan kam sai Jorma kafinta ya zo.

In ɓera na da sata, to,
wa ya bar buhun hatsi a buɗe?
Baba ne, a watan Oktoba,
wai zai dawo ya ɗaure.
Asibitin Kajaani bai sake shi ba.

Takalminsa na roba na bayan murhu, na hagu a kwance.
Na ɗaga. Da nauyi, da ɗumi.
Ulun safar da Inna Aune ta saƙa
da littafin da yake rubuta nauyin kifi
an daddatsa, an yi shimfiɗa.
Su biyar ne, jajur, ido bai buɗe ba.
Kusa da kan ɗaya na gane hannunsa,
rabin kalma da lamba uku.

Uwar na kan itacen wuta tana kallona.
Ba ta gudu ba.

Da niyyata na zo, Allah ya sani.
Na toshe ramuka huɗu da waya,
na dirje teburi har yatsuna suka yi ja,
na ɗana tarkon duka shida.
Takalmin kuwa na kai rumfar itace,
na jingine inda ruwa ba ya bugu.
Ta bi, ba ta bi ba, ban tsaya gani ba.

Daren nan ba ya yin duhu sosai.
Na kwanta a gadonsa da rigar sanyina,
ina jin tabki yana lasar duwatsu.
Gab da asuba
tarko ɗaya ya ce ƙas.

Na ja bargo. Har rana ta haye taga
ban tashi na duba ba.