Lamba Ɗari Biyu da Sha Bakwai

A Deba, ranar Laraba,
muka shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin shan magani,
sikeli a gefe, igiyar awo a wuyana,
littafi mai layi-layi bisa cinya.
Ni aikina tambaya.
Me kuka ci jiya? Shekaranjiya fa?
Sau nawa nono ke shiga gidanku a mako?

Wata ta yi dariya har da dafa ƙasa:
"Mu masu tatsa? Nono na kasuwa ne, 'yar nan,
namu ɗaurayen ƙwarya."
Na duba takarda sama da ƙasa,
babu gurbin ɗaurayen ƙwarya.
Na rubuta sau ɗaya.
Ni da biro mun san ba haka ba ne.

Da hantsi muka ja layi da toka a filin firamare,
je ka dawo, je ka dawo,
usur a bakin Malam Bitrus.
Bappah, ɗan shekara tara, ba ko silifa,
ya bar sauran suna haki a gindin darbejiya.
Na zagaya damtsensa da igiya,
sai ga shi yatsuna biyu ma sun isa.
Ƙafa ta barewa, hannu sillen kara,
a wane gida zan ajiye shi cikin jadawali?

Goggo Dudu ta jingina da katakon awon tsawo,
ta ce in sake dubawa,
ita ce fa ke kaɗo wa mata tsamiya a zamaninta.
Haihuwa goma sha ɗaya,
tulu a ka tun kafin ta san kunya.
Na'ura ta saurari dunduniyarta,
ta ce ƙashin ya rarake ta ciki
kamar azarar da gara ta daɗe da samu.
Goggo ta kalli ƙafar, ta kalle ni:
"Ban ji shigowar ɓarawon ba."

Sai ke, Hajjo.
Awon goyonki kika zo, ba naki ba.
Kina gyara majanyi kika ce, kamar zancen farashin gishiri,
akwai wani abu nan gefen mama,
bai fi ƙwallon dabino ba,
kuma ba ya ciwo.
Abin da ba ya ciwo, ina ruwan mutum da shi?

Haka Innata ta ce.
Kalma ɗaya ba ki canza ba.
Damina biyu ta rufe nata da zane,
da ganye, da turaren wuta don kada mu ji.
Ranar da muka kai ta Gombe
likita ya daɗe yana kallon takalminsa.

An koya mana: ki tambaya, ki rubuta,
kada ki tsorata kowa.
Na ajiye biron.
Na ce kawo yaron in riƙe miki,
Sista Rifkatu na bayan labulen can,
hannunta ba sanyi, kuma ba ta da surutu.
Kika tsaya.
Kika ce tuwo na jira.
Yaron ya kama igiyar wuyana yana tsotsa.
Kika shiga.

Yanzu dare ne, janareta na tari,
ina zuba ku cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.
Wata rana Farfesa zai haska bango
a ɗaki mai sanyi, gaban masu kwat,
ki zama ɗigo cikin ɗigo dubu uku.
Ban raina ɗigo ba,
da shi ake ciwo kan masu kasafi.

Amma ni na san ɗigon nan yana da lalle a tafi,
da tsaga uku a kumatu,
da takardar asibiti ƙulle a bakin zane
tare da kuɗin mota da ba su cika ba.

Litinin aka ce miki, ƙarfe takwas.
Ban sani ba ko za ki zo.
Zan tsaya a bakin ƙofa tun bakwai,
ba littafi a hannuna.