Jar Baba da Farar Akori-kurata

A gonarmu, can yammacin Nebraska,
inda masara ke kaiwa iyakar gani,
motoci biyu ke kwana rumfa guda,
ba su taɓa gaisawa ba.

Tawa akori-kura ce, bara na saye ta,
fara sol, sai na taka ƙarfe kafin in hau.
Tana da ido a ƙeya,
in na kauce layi ta yi mini tsawa kamar Gwaggo Verna,
kujerarta har ɗumama baya take yi,
ban taɓa jin tarinta ba.

Ta Baba Delbert ja ce, mazauni biyu,
'yar gajeruwa, cikinta na shafar ciyawa,
ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Warin fetur da tsohuwar fata,
giya a hannu, rediyo ya mutu tuntuni,
sai an lallashe ta take tashi da safe,
ba ta taɓa ɗaukar buhun iri ba.

Baba ya ce, "Lorna, motarki ɗaki ce mai taya,
ita ke tuƙa ki, ke kuwa kaya."
Na ce, "Taka fa? Kyan ɗan maciji,
tana shan mai, tana cin kuɗin makaniki."
Ya shafa bayanta da tsumma,
bai ce mini komai ba.

Daren Janairu ƙirjinsa ya riƙe.
Dusar ƙanƙara ta shafe hanya har gwiwa,
asibitin Ogallala mil arba'in.
Farar ta sa kai, taya huɗu na haƙa,
fitilunta na yanka duhu,
shi yana kwance gefena, yana nishi,
ya ce, "Wannan kujera da ɗumi take."
Ban yi dariya ba.

Da ƙanƙara ta narke ya dawo gida,
ƙafar hagu ta ƙi taka kuloci.
Ya miƙo mini mabuɗi, ƙarami, ya goge don tsufa.
Sau uku ta mutu a hannuna kafin ƙofar gona,
yana ta ƙyaƙyata har da hawaye.
A na huɗu ta yi gurnani, ta miƙe,
kowane tsakuwa na ji shi a tafin hannu,
iska ta kwashe hulata ta ba wa shanu,
ya nuna kwanar da ya fara kai Inna yawo,
ya ce, "Kar ki taka birki tukuna."
Ban taka ba.

Yanzu Litinin zuwa Asabar ta farar ce:
ciyawa, gishirin shanu, wayar shinge.
Lahadi da yamma mu fito da jar.
Ɗigon baƙin manta na nan a siminti,
har yau ban goge ba.