Fitila Bakwai, Duhu Ɗaya

A Valparaíso, bene hawa na uku,
tagar na kallon tashar jiragen ruwa,
Eulalia Huenchul ta ajiye kofin shayi,
ta kunna kwamfuta.
Shekara ashirin da shida tana lissafin kaya,
kwantena nawa ta shiga, nawa ta fita,
inabi nawa, kifi nawa cikin ƙanƙara.
Ko sifili bai taɓa ɓace mata ba.

Manhajar ofis sunanta Farol,
fitila ke nan a bakinsu.
Da ita kaɗai ce, shuɗiya, a kusurwar allo.
Yau Litinin ta tarar da su biyu,
shuɗiya da wadda ta ɗan fi ta shuɗi.
Ɗaya an rubuta mata Sabuwa,
ɗaya an bar ta haka nan.
Ta danna Sabuwa.
Aka ce: wannan ta tsufa, ki koma wa sabuwa.

Ta kira Baltasar mai gyaran na'ura.
Ya hawo yana haki, da guntun burodi a hannu.
"Wacce gare ki, uwa?"
"Farol."
"Wace Farol?
Akwai ta Gida, akwai ta Aiki,
akwai ta Aiki da Makaranta, ita ba ta aiki a nan.
Akwai Farol Ɗaya, ita ce ta huɗu a haihuwa.
Ta shida ba a haife ta ba, tsallake ta aka yi.
Wadda ake kira Tsohuwa bara ta fito.
Taki kuwa, wadda kika saba da ita,
tun watan jiya sunanta Haske,
sai dai a rasit har yanzu Farol ce."
Ya yi shiru. Ya dubi burodinsa.
"Ina ji dai haka ne," in ji shi.

An ce ba a canza wa tuwo suna.
Wasu ba su ji ba.
Can wata ƙasa, a wani ɗaki mai sanyi,
duk wata sai an taru raɗin suna,
babu rago, babu mai jego,
jaririn ma na bara ne,
har gemu ya fara tsiro masa.

A ƙasa Nicanor direba na danna oda.
Inabi tan ashirin a bayan motarsa,
rana ta take, jirgi ba ya jiran kowa.
Takardar fita tana nan, Eulalia ta rubuta ta Juma'a,
ta adana ta da hannunta.
Amma a wacce?
Sabuwa ta ce ba ta san ta ba.
Marar suna ta ce a sa kalmar sirri,
aka sa, ta ce wannan ta 'yar'uwarta ce.
Kama da wane ba ta wane.

Sai ta ja durowar ƙasa, wadda ke ƙara,
ta zaro tsohon littafi mai bangon kore,
da takardar kabon da ta yi laushi don tsufa.
Biro sunansa biro.
Ta rubuta, ta buga hatimi,
ta sauka da ƙafarta, gwiwa na ciwo,
ta miƙa wa Nicanor ta taga.

Da yamma ta yanki farar takarda gida biyu,
ta manna a jikin allo, ƙarƙashin kowace fitila.
Ɗaya ta sa mata Mai Buɗewa Wani Lokaci.
Ɗaya ta sa mata Maƙaryaciya.
Kwana uku ofis ya zauna lafiya,
har manaja da waɗannan sunaye yake kiransu.

Ranar Juma'a saƙo ya shigo da ado:
Albishirinku! Mun ji kokenku.
Don sauƙaƙa muku, mun haɗe su duka wuri guda,
kuma mun yi mata sabon suna.
Daga yau sunanta Farol.

Eulalia ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
A kusurwar allo
fitilu uku ne ke kallonta.