Lamba Arba'in da Bakwai

Sun rataya mata lamba a wuya, arba'in da bakwai,
sun kwantar da ita kan jan karan-miski
a zauren gwanjo na Nashville, fitila uku a kanta.
Wata yarinya mai farar safar hannu ke juya ta
kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.
Ina kujerar baya, hulata a gwiwa,
ni Orrin Teague, shekara hamsin da ɗaya ina gyaran jita.
Ba wanda ya gayyace ni.

Littafin gwanjo ya ce jitar marigayi Delmar Hatchett ce,
ya ce baƙin tabon nan na kwiɓinta
ƙunar sigarinsa ce, daren da ya girgiza Chicago.
Na haɗiye dariya.
Ƙarfena na narka dalma ne ya faɗo mata
wata Talata, ina faɗa da matata a waya.

Wuyan ma da suke yaba sheƙinsa, ni na dasa shi,
bayan ƙofar motar kaya ta datse na farko a Tulsa.
Daga ƙafar teburin surukata na sassaƙo shi.
Zufar dai tasa ce, wannan ba ƙarya,
shekara ashirin da shida tafinsa na hawa da sauka a wurin
har katakon ya lotsa daidai babban yatsansa.

Sau uku ya jinginar da ita kafin duniya ta san shi.
Na ƙarshe dala arba'in, kuɗin mota da maganin tari.
Ni na fanso ta. Har rai ya yi halinsa bai biya ni ba,
ni ma ban tuna masa ba.

Aka buɗe da dubu ɗari uku.
Hannuwa suka riƙa tashi kamar kawunan kaji a bakin ruwa.
Can gefe samari na riƙe da wayoyi
suna taya wa mutanen da ba su da fuska.
Dubu ɗari takwas. Tara.
Wani mai ƙaton zobe ya goge goshi, ya janye.
Guduma ta faɗi a miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu,
aka yi tafi irin wanda Delmar bai samu ba
a shekarunsa goma na farko.

Ba zan zagi kuɗin ba.
Marvella, 'yarsa, tana layi na biyu ta dafe baki.
Na san rufin gidanta na yoyo,
na san ɗanta na zuwa wankin ƙoda sau uku a mako.
Ta waiwayo ta gan ni, ta san na san zancen tabon.
Na gyaɗa mata kai.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

An ce mai sayen yana Zurich,
yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ake auna iska,
jita goma sha tara a jere cikin gilashi,
an sassauta musu tsirkiya don kada su gaji.
Ni kuwa na san katako:
in aka daina kaɗa shi, mance muryarsa yake yi,
kamar tsoho da ba a kai wa ziyara.

Da zaure ya watse na roƙi yarinyar minti ɗaya.
Ta duba hagu, ta duba dama, ta kau da kai.
Na taɓa tsirkiya ta uku da farce.
Tana nan da halinta, ta ɗan zame ƙasa,
shekara da shekaru na kasa raba ta da wannan.
Delmar bai taɓa yarda in canja kunnen ba.
Da ɗan ƙaramin yatsa yake tura ta sama
a tsakiyar kiɗa, ba tare da ya duba ba,
sai ta yi wani kuka da kan sa mata su ajiye kofi.

Na duba littafin nasu daga bango zuwa bango.
Ba su saka wa yatsan lamba ba.

Na sa hulata. Motar ƙarfe biyar ba ta jira.