Baƙo a Bokiti

Ƙanwata Tsahara ta aiko shi daga Agadas
ƙunshe cikin takardar magani,
ƴan tsaba falan-falan, kamar ƙaiƙayi.
Anet, in ji ta. Ban san sunansa da Hausa ba.

Na fara ba shi lakar Gulbi,
a zatona baƙo sai da abinci mai nauyi.
Ruwa ya kwanta, tsaba ta ruɓe.
Sati uku, ko sallama babu.

Mani mai lambu ya murza ƙasar a tafinsa,
ya ja tsaki:
"Wannan ta ginin tukunya ce.
Ɗebo rairayin jigawa,
cuɗa da takin awaki wanda ya huce,
ki huda gindin bokiti.
Kuma kada ki cire shi don dashe.
Saiwarsa guda ce,
inda ta sauka, nan take zama."

Na ajiye shi bayan madafa, nan Bagalam,
inda hantsi ke fara taɓawa.

Yau ganyensa ya fi sumar jariri laushi.
Na tsinka kaɗan cikin romon kifi.
Maigida ya ɗaga kai, yana sansana iska,
ya ce, "Wa ya zo?"