Igiyar Haladar

Ran da alƙali ya buga hatimi a Bardaman,
Haladar Mondol ya dawo gida a ƙafa,
ya rataye igiyar rama bayan ƙofa:
kowane wata, ƙulli ɗaya.

Rupi arba'in da bakwai, bashin hayar gona.
A karɓa cikin shekara uku, in ji takarda,
in an wuce, ta mutu.

Mai ƙasa ya kulle ta a akwati,
ya tafi Kalkata neman maganin ido.

Daminar farko, Damodar ya cinye shinkafar.
Ta biyu, Tarulata ta sayar da awarwaronta,
aka sayi iri.
Da an ji ƙararrawar keke a hanya
sai Haladar ya ƙame cikin taɓo,
dashe a hannu, kamar balbela.

Ɗan aiken kotu ya zo wata Laraba,
takardarsa na warin kafur.
Akawu ya ƙirga da yatsu, ya sake:
an makara da kwana tara.

Haladar bai yi dariya ba.
Ya kwance ƙulli talatin da shida,
ya ɗaure akuya da igiyar.
Hayar bana na tafe.
Ita ba ta makara.